Da wane alƙalami za mu rubuta? Tambayoyi da amsoshi kan takardun bayanin manhaja a aikin haɗin gwiwa

Mu bakwai ne muke aikin wata ƴar manhajar lissafi da ƙungiyoyin manoman albasa ke amfani da ita, biyar a nan Yamai, biyu a Tawa. Tsakaninmu da ƴan'uwanmu na Tawa akwai tafiyar kilomita fiye da 500, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, don haka mukan yi wata da watanni ba mu zauna kan tabarma ɗaya ba. Rubutu ne ke haɗa mu. Duk wanda ya shigo cikinmu sabo, tambayoyinsa kusan su ne na wanda ya riga shi, shi ya sa na tattara su nan tare da amsar da nake bayarwa. Wasu amsoshin ra'ayina ne, kuma inda haka ta kasance zan faɗa.

Mene ne ma takardun bayanin da kuke ta magana a kai?

Duk rubutun da ke raka manhaja: fayil ɗin README da mutum ke fara cin karo da shi, jagorar girkawa, jagorar mai amfani, bayanin yadda sassan kod ke mu'amala da juna, da jerin abin da ya canza daga wannan fitowa zuwa waccan. Masu karanta su ba iri ɗaya ba ne. Akwai sakataren ƙungiya a Galmi, salula a hannu, masu dako na jiran sa, abin da yake so kawai ya san inda zai danna ya shigar da buhunan da aka loda. Akwai kuma ɗalibi daga Jami'ar Abdou Moumouni da ya zo koyon aiki, yana so ya gane dalilin da ya sa muka raba teburin bashi gida biyu. Idan aka cusa musu rubutu ɗaya, sakatare zai ɓace cikin bayanin da bai nema ba, ɗalibi kuma ba zai sami abin da ya zo nema ba. Don haka a rumbunmu, wato ma'ajiyar da muke tara fayilolin aikin duka, folda biyu ce tun farko, ta masu amfani da ta masu gini.

Me ya sa sai an yi yarjejeniya? Kowa ya rubuta da abin da ya iya mana.

Haka muka fara, kuma mun ga ƙarshensa. A shekararmu ta farko jagorar girkawa ta kasance wuri uku: ɗaya a fayil ɗin Word da ke yawo a WhatsApp, ɗaya a PDF da wani ya fitar daga wancan kafin a gyara shi, ɗaya kuma a cikin kan wanda ya rubuta sashen. Wata ranar Alhamis ɗaya daga cikin ƴan'uwanmu na Tawa ya je girka manhajar a kwamfutar wata ƙungiya. Ya bi PDF ɗin da ke salularsa layi bayan layi, tun hantsi har aka kira la'asar, abu ya ƙi. Ashe an canza sunan wani saiti makonni shida da suka wuce, an gyara a Word, ba a sake fitar da PDF ba. Mutanen ƙungiya na zaune suna kallon sa, shayi ya zagaya sau uku, ya tashi da kunya a kan laifin da ba nasa ba.

Babu wanda ya yi ha'inci a cikinmu. Kowa ya rubuta da gaskiyarsa, a wurin da ya ga dama. Abin da muka rasa shi ne wuri ɗaya da kowa ya yarda cewa abin da ke can shi ne magana ta ƙarshe. Tun ran gini ran zane: in da mun zauna awa ɗaya a makon farko mun tsayar da wannan, da ɗan'uwanmu bai sha waccan rana ba.

Yaya, ni fa Word na iya. Me ya yi muku?

Ƙanwata, bai yi mana komai ba. Wasiƙa zuwa ma'aikata ko rahoton da za a buga a sa hatimi, da Word ko LibreOffice muke yin su har gobe. Matsalar tana wajen aikin mutane da yawa a kan rubutu ɗaya na tsawon shekaru. Fayil ɗin docx ƙunshi ne da aka matse, a cikinsa akwai wasu fayiloli na XML. In kika canza kalma ɗaya, na'urar da ke kula da tarihin aikinmu za ta ce fayil ya canza, amma ba za ta nuna wace kalma ba ce. In kuma ke da wani kuka gyara shi a rana ɗaya, ba za ta iya haɗa gyaranku ba, sai an zaɓi na ɗaya an yar da na ɗaya, ko wani ya zauna ya kwafa da hannu.

Google Docs ya magance wannan ta wata fuska, tunda mutane na iya rubutu tare a lokaci guda. Sai dai ya fi jin daɗi inda rezo ke da ƙarfi, kuma yana zaune nesa da kod, wanda ke gyara kod ba ya ganin sa balle ya tuna da shi.

To me kuka zaɓa?

Zallan rubutu, a tsarin Markdown, a ajiye cikin rumbun Git ɗaya da kod. Git ita ce na'urar nan da ke kula da tarihin aikinmu. Markdown tsari ne da John Gruber ya fitar a 2004, kuma duk hikimarsa ita ce a iya karanta fayil ɗin yadda yake ko ba a sarrafa shi ba. Alamar # a farkon layi kanun magana ne, taurari biyu a gefen kalma suna kaurara ta, ɗan jan layi a farkon layi jeri ne. Mutum kan koye shi kafin a sauke shayi na biyu.

Akwai wani abu da ya kamata a sani: Markdown ba ɗaya ba ne. Bayanin farko ya bar wurare da dama a buɗe, kowace manhaja ta cike su yadda ta ga dama, har fayil ɗaya ya riƙa fitowa iri-iri. Wannan ne ya sa aka kafa CommonMark a 2014 don a tsayar da ƙa'ida. Mu CommonMark muke bi, da ƙarin tebur irin na GitHub, shafin intanet da ake ajiye rumbunan Git, iyakarsa ke nan. Shafin da masu amfani ke karantawa kuwa MkDocs ne ke gina shi daga waɗannan fayiloli, PDF kuma Pandoc. Ba a gyara shafi ko PDF da hannu. A koma tushe a gyara, a sake ginawa.

Na ji an ce reStructuredText da AsciiDoc sun fi Markdown ƙarfi.

Gaskiya aka gaya maka. Sphinx, maginin takardun da Georg Brandl ya rubuta a 2008 don takardun harshen kod na Python, yana aiki da reStructuredText, kuma wajen nuni daga shafi zuwa shafi da jawo bayani kai tsaye daga cikin kod ya sha gaban abin da muke amfani da shi. Masu ginin ƙwayar Linux ma sun koma kansa a 2016. Takardun Git kansa da AsciiDoc aka rubuta su.

Mun yi gardama a kan wannan har dare biyu, kuma ni ina cikin waɗanda suka so Sphinx. Abin da ya kashe maganar shi ne tambayar da ɗaya daga cikinmu ta yi: wa zai rubuta jagorar masu amfani? Amsa ita ce matar da ke horar da sakatarorin ƙungiyoyi, wadda ta fi mu duka sanin inda mutane ke tuntuɓe, kuma ba mai rubuta kod ba ce. Tsarin da zai sa ta ji tsoron taɓa fayil ya raba mu da marubuciyar da ta fi kowa amfani a cikinmu. Na janye. Yau da takardunmu za su kai shafi ɗari biyar, sai mu sake zama.

Allon rubutuna AZERTY ne, alamomin nan suna ba ni wahala.

Kusan dukanmu haka ne. A AZERTY na Faransa, # tana kan AltGr da 3, buɗe baka mai kusurwa tana kan AltGr da 5, sandar tebur AltGr da 6. Wadda ta fi ba sababbi haushi ita ce ƴar karkatacciyar alamar da ake kewaye kod da ita, AltGr da 7: a Windows in ka danna ba ta fitowa sai ka bi ta da tazara. Kwana biyu ne hannu ya saba.

Me ya sa bayani zai zauna wuri ɗaya da kod?

Don a canza su tare. Dokarmu ita ce duk wanda ya canza yadda manhaja ke aiki, ya gyara bayanin a cikin ajiya ɗaya da canjin. Mai dubawa yana ganin su gefe da gefe, in babu gyaran bayani sai ya mayar.

Dalili na biyu ya shafi inda muke zaune. Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005 ta yadda kowane mai aiki ke da cikakken tarihi a kwamfutarsa, ba ya buƙatar intanet don ya ajiye canji, ko ya duba abin da aka rubuta bara, ko ya buɗe reshe, wato gefen da zai yi gyara ba tare da ya taɓa aikin sauran ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai wa maƙura kuma kuran ke yawan ɗaukewa, mutum na iya aiki da abin da ya rage a batir, ya tura in rezo ya dawo. Canjin shafi guda na zallan rubutu bai fi ƴan kilobait ba, ko mega ɗaya ba ya ci. Akwai ma umarnin `git bundle` da ke ɗaure canje-canje cikin fayil ɗaya. Mun taɓa sa irin wannan ɗauri a kilen USB, muka ba wani mai tafiya Tawa a tashar mota, washegari ɗan'uwanmu ya kwance shi a can, aiki ya ci gaba.

Wata ƴar ƙa'ida da ke biye da wannan: jimla ɗaya, layi ɗaya. Markdown yana haɗe layukan su zama sakin layi in an gina shafi, don haka mai karatu ba ya ganin bambanci. Amma wajen dubawa, in ka gyara jimla ɗaya, ita kaɗai za ta fito da launi, kuma mutum biyu na iya gyara sakin layi ɗaya ba tare da karo ba.

GitHub za mu yi amfani da shi ko sabar tamu?

A yanzu muna kan sabis na waje, don sabar da ke ɗaki a Yamai tana son kuran da ba ya yankewa, da sanyi, da mai kwana da tunaninta. Amma ba ma dogara da wani abu da ke aiki a gida ɗaya kawai. GitHub kamfani ne, Microsoft ta saye shi a 2018, kuma kamfani na iya canza sharuɗɗansa. In ta kama mu koma GitLab ko mu girka Forgejo da kanmu, fayilolinmu za su bi mu yadda suke.

Da wane harshe ake rubutawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi, kuma ba zan ce mun gama da ita ba. Kundin sake gina ƙasa da Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A zahiri mu da Faransanci muka yi lakwal, saƙonnin kuskure da kwamfuta ke fitarwa da Ingilishi suke zuwa, masu amfani da manhajarmu da Hausa suke ciniki, biyu daga cikinmu kuma Zabarmanci ne harshen gidansu.

Ga abin da muka tsayar. Jagorar masu amfani da Hausa ake fara rubuta ta, daga nan a fassara zuwa Faransanci. Bayanin masu gini da Faransanci yake. Sunayen da ke cikin kod da Ingilishi. Kowane shafi yana da harshe ɗaya da yake tushe, kuma an rubuta haka a samansa, don in fassara ta saɓa da tushe a san wanda za a bi. Folda tana ɗauke da lambar harshe ta duniya: `ha` don Hausa, `fr` don Faransanci, `dje` kuma tana nan a buɗe ga Zabarmanci ranar da aka sami mai ɗauka.

Na dage a kan a fara da Hausa saboda na ga abin da ke fitowa in aka juya. Jagorar da aka fara da Faransanci aka mayar Hausa, kalmominta na Hausa ne amma ƙashin bayanta na Faransanci ne, sakatare ya karanta sau biyu ya ajiye ya kira waya.

Dole ne in sa haruffa masu lanƙwasa? Ai ana ganewa ko babu su.

Dole ne. A hira ta salula mutum na cike gurbi da hankalinsa, amma jagora umarni ce. "Kare lissafin" da "ƙare lissafin" abu biyu ne, kuma a manhajarmu maɓalli biyu ne: ɗaya yana kulle shafi kada a taɓa, ɗaya yana rufe kakar ciniki gaba ɗaya. Haka "bata" da "ɓata", haka "baki" da "baƙi".

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk suna cikin Unicode, jerin haruffan duniya da kwamfuta ke aiki da shi, manya da ƙanana. Sharaɗinmu shi ne kowane fayil a ajiye shi da UTF-8, tsarin ajiye haruffan Unicode, kuma mun rubuta haka a fayil ɗin `.editorconfig` don manhajar rubutu ta bi da kanta. In ka buɗe fayil ka ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", babu abin da ya lalace tukuna: harafin ƙ bait biyu ne a UTF-8, sai wata manhaja ta karanta su ɗaya-ɗaya da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai. Kada ka ajiye fayil ɗin a wannan hali, rufe shi ka sake buɗewa da UTF-8. Excel ya kan yi haka da fayilolin CSV in an danna su kai tsaye, shi ya sa jagorarmu ke nuna hanyar shigo da su ta menu.

Wajen bugawa, a salula Gboard yana da allon Hausa. A kwamfuta akwai Keyman. Wajen fitar da PDF kuma sai da font mai ɗauke da haruffan, irin su Noto, DejaVu, Charis ko Andika, kuma mukan gaya wa Pandoc ya yi aiki da xelatex, don tsohon pdflatex yakan tsaya cak in ya gamu da ɗ.

Abu ɗaya da ba mu shawo kansa sosai ba shi ne bincike. A wurin kwamfuta k da ƙ haruffa ne mabambanta, ba kamar e da é ba da ake iya cire wa alama. Wanda ya rubuta "kungiya" a akwatin bincike ba zai sami "ƙungiya" ba. Kafin mu gyara wannan yadda ya kamata, muna sa kalmomin bincike marasa lanƙwasa a ƙasan manyan shafuka.

Ƴ za a rubuta ko 'y? Kuma Hausar wa, ta Adar ko ta Kano?

Ƴ muke rubutawa. Ita ce a ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar a 1999, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma sun fi amfani da 'y. Duka daidai ne a wurinsu. Ƙoƙarin daidaita rubutun ƙasashen biyu ya daɗe, har taron masana an yi a kansa a nan Yamai a 1980. Mu muna da ƙarin dalili na sana'a: ƴar waƙafin sama tana da siffa fiye da ɗaya a kwamfuta, Word yakan lanƙwasa ta da kansa, kuma a cikin kod alama ce ta buɗe zance da rufe shi. Harafi ɗaya tilo ya raba mu da wannan rigima, sai a kalmomi irin "ma'ana" da "sa'a" inda muke amfani da miƙaƙƙiyar kawai.

Batun karin harshe kuwa, a rubuce muna bin daidaitacciyar Hausa: "tafi", "fara", "biyar", ko da marubucin a bakinsa "tahi", "hwara" da "biyat" yake cewa. Amma kalmomin sana'a na masu sana'a ne. Abin da manomin Galmi ke kiran ma'auninsa ko kuɗin dillalinsa, shi za a rubuta. Kuma inda mutanenmu ke cewa salula da rezo da kuran, ba za mu musanya musu da kalmomin da ba su saba ji ba don kawai a ce mun yi Hausar littafi.

Wa ke yanke kalmar da za a yi amfani da ita?

Akwai fayil mai suna `kalmomi.md`, tebur ne mai gida huɗu a kowane layi: Hausa, Faransanci, Ingilishi, da misali cikin jimla. Kafin ka ƙirƙiro kalma ka duba can. In babu, ka kawo shawara, mai horar da sakatarori ta gwada ta a bakin mutum biyu ko uku, in sun gane ba tare da an yi musu bayani ba ta shiga. Da haka "rumbu" da "reshe" suka zauna. Abin da muke gudu shi ne shafi na uku ya ce "ajiye", na bakwai ya ce "adana", maɓallin kuma ya ce wani abu dabam.

Me ya sa kuka tsananta a kan yadda ake rubuta kuɗi da kwanan wata?

Saboda dala. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san in ana ciniki da Hausa da dala ake ƙirga, kuma dala sefa 5 ce. Dala ashirin ita ce 100, ɗari ita ce 500, jika ita ce 1000. Da Faransanci kuwa lambar da ke jikin kuɗin ake faɗa. Kanmu na juya wannan lissafi ba tare da mun lura ba, kwamfuta kuwa ba ta san da shi ba.

A fitowarmu ta farko akwai akwatin da aka rubuta wa "Kuɗin dako, kowane buhu", jagora kuma ta ce "shigar da kuɗin". Wani sakatare, mutum mai tsantseni da rubutunsa ya fi nawa kyau, ya tambayi masu dako, suka ce hamsin, ya rubuta 50. Nufinsu dala hamsin, wato sefa 250. A buhu 400 manhaja ta fitar da 20 000 inda ya kamata ta ce 100 000. Da aka zo biya sai hayaniya ta tashi, har aka fara yi wa sakataren kallon da bai cancanta ba. Ya bi jagora daidai. Jagorar ce ba ta faɗi abin da ya kamata ta faɗa ba, kuma mutuncin bawan Allah ne ya kusa tafiya a kan kalma ɗaya da muka bari.

Tun daga ranar, duk inda lamba ta shafi kuɗi sai an rubuta "sefa" a gefenta, kuma jagora tana ba da misali a fili: in an ce maka dala hamsin, rubuta 250. A bayanin masu gini lambar kuɗin XOF ce, ba a sa ɗigo ko waƙafi. Dubbai da tazara ake raba su, don waƙafi a Faransanci alamar gutsure ce, a Ingilishi kuma alamar dubu.

Kwanan wata ma haka. 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a manhajar da aka saita da tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. A sunan fayil da bayanin masu gini muna bin ISO 8601, shekara, wata, rana: 2025-04-03. A jagorar masu amfani sunan watan ake rubutawa da haruffa.

Hotunan allo da zane fa?

Hoton allo yana tsufa da wuri, ka matsar da maɓalli ɗaya ya zama ƙarya. Muna sa shi ne kawai inda kalma ta kasa, a yanke shi ya tsaya kan abin da ake nunawa, don kada ya cinye wa mai karatu mega. Zanen yadda sassa ke haɗuwa da Mermaid muke yi, wanda shi ma rubutu ne, ana gyara shi kamar kowane layi.

Doka mai tsauri ɗaya ce a nan: ba a ɗaukar hoto daga bayanan gaske. Sunan manomi, lambar salularsa da bashin da ake bin sa amana ce. Git ba ya mantuwa, ko ka goge hoton gobe yana nan cikin tarihi a kwamfutar duk wanda ya kwafi rumbun. Akwai bayanan gwaji da sunayen ƙirƙira, da su ake ɗauka.

Ban iya Git ba. Ke nan ba ni da hannu a ciki?

Kina da shi. Ana iya gyara fayil daga burauza, a danna alamar alƙalami, a rubuta, a aika. In wannan ma ya yi nauyi, turo gyaran a WhatsApp, ko da murya ce, wani zai shigar ya sa sunanki a matsayin mai gyaran. Sharaɗi ɗaya ne: maganar da aka yi a WhatsApp ko a fada wajen shayi ba ta zama doka sai ta shiga rumbu.

Wa ke duba abin da na rubuta?

Mutum ɗaya wanda ba kai ba. In jagorar girkawa ce, mai dubawa sai ya bi ta da hannunsa a kwamfutar da ba a taɓa girka manhajar ba, don karantawa kawai ba ta kama matakin da marubuci ya tsallake saboda sabo. Muna ƙoƙarin amsawa cikin kwana uku. Gyara a kan rubutu ake yi, da ladabi, kuma wanda ya girme ka in ya yi kuskure ana nuna masa, shi ma ya san da haka ya shigo.

Na ga DOLE da AN SO da ANA IYA da manyan haruffa. Mene ne su?

Aro ne daga masu tsara ƙa'idojin intanet, waɗanda a 1997 suka fitar da takardar RFC 2119 don tsayar da nauyin irin waɗannan kalmomi. Wanda ya yi karatun zaure ya san bambancin farilla da mustahabbi, don haka abin bai zo mana baƙo ba. DOLE, in ka bari abu zai lalace. AN SO, kana iya bari in kana da dalili. ANA IYA, zaɓinka ne.

Wani na iya kwafar takardunmu?

Yana iya. Suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons BY-SA 4.0, irin na Wikipedia: ya ambaci inda ya samo, kuma abin da ya gina a kai ya bar shi a buɗe.

In na ga yarjejeniyar ba ta yi ba, ana canza ta?

Ana canzawa, mun canza sau uku. Dukanta shafi ɗaya ce a `CONTRIBUTING.md`. Mai son canji ya rubuta ƴar takarda: ga matsalar, ga abin da nake so a koma, ga abin da za mu rasa. Wannan salo na rubuta kowace shawara da dalilinta Michael Nygard ne ya yaɗa shi a 2011. A bar ta mako guda don ƴan Tawa su gani su ce nasu, tunda mu na Yamai muna haɗuwa ido da ido kuma da sauƙi mu yanke abu mu manta ba kowa ke wurin ba. In an amince, mai shawarar ne zai juya tsofaffin fayiloli zuwa sabon tsari, ba a barin rabi nan rabi can. Takardar da aka ƙi ma ba a goge ta, tana nan a folda, don wanda zai zo da irin tunanin nan da shekara biyu ya ga abin da aka riga aka tattauna.

Yau na fara. Me zan yi?

Kwafi rumbun, buɗe jagorar girkawa, ka bi ta daga layin farko ba tare da ka tambayi kowa ba. Ajiye takarda da biro a gefe. Duk inda ka tsaya kana tunanin me ake nufi, rubuta lambar layin. In ka gama, ko ka maƙale, buɗe reshe da sunanka ka gyara wuraren nan da kalmomin da kai za ka fi ganewa, ka aiko. Ni ne mai dubawa a wannan watan.